Ranar da Sila Ya Yi Magana da Bakinsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, sunansa Sila, wanda Allah ya ba shi baiwar horon shanun huɗa. In aka kawo masa ɗan bijimin da bai taɓa jin karkiya a wuyansa ba, Sila ba ya dukansa, ba ya kuma yi masa tsawa. Yakan fara da ba shi harawa a hannu har dabbar ta saba da shi. Sa'an nan ya ɗaura masa gungume ya yi ta ja a fili, daga baya ya haɗa shi da ɗan'uwansa a karkiya ɗaya, ya sa musu garma. Kowa a ƙauyen ya san huɗar Sila ko daga nesa, gama a miƙe take kamar an ja zare.

Amma Sila yana da wani hali irin na mutanenmu. Ba ya iya faɗin abin da ya iya. Tun yana ƙarami aka gaya masa cewa yabon kai jahilci ne, shi kuwa ya riƙe maganar da hannu bibbiyu, har ya kai ta inda masu ita ba su aike ta ba. Ga shi kuma a garinsu mutum ba ya neman abu da bakinsa. In aure ne, kawu ke zuwa. In aron gona ne, kawu ke zuwa. Mai nema sai ya zauna a gefe, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke, kawu kuwa ya yi ta zuba yabo har da ƙarin gishiri. In aka juyo aka tambayi mai neman, sai ya rage kansa ya ce shi ba kowa ba ne. Masu ji kuma sun san yadda ake yi, su rage na kawu, su ƙara a kan na yaro, su sami gaskiya a tsakiya.

Shi Sila, Kawu Gayus ne bakinsa. Shi ya koya masa horon shanu, shi kuma ya nemo masa auren matarsa Afiniki, wadda ta haifa masa 'ya ɗaya, Rahila.

Ana nan, sai ciwo ya shiga shanun ƙauyen, ya kashe bijiman Sila duka biyu. Da su yake yi wa mutane huɗa ya ciyar da gidansa, gama gonarsa ba ta fi tafin hannu ba. Hatsin rumbu ya yi ƙasa, damina kuma tana matsowa. Abin da ya rage masa shi ne ya bi samarin da suke tafiya kudu ƙwadago, ya bar Afiniki da Rahila a gidan wansa, ba tare da ya san ranar dawowa ba. Duk lokacin da ya tuna da wannan tafiya sai abinci ya fita ransa.

A hayin kogi kuwa akwai wani maigida, baƙo ne a ƙasar, mai gonaki masu yawa. Ya sayi bijimai, yana neman wanda zai hore su, ya riƙa yi masa huɗa kowace shekara, a ba shi rabonsa na hatsi da kaka. Sila ya ji labari a lokacin da Kawu Gayus ya yi tafiya, sai ya yi ta maza ya haye kogi shi kaɗai.

Bayan gaisuwa maigidan ya ce, "An ce kana horon shanu. Ka iya?"

Sila ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan taɓawa dai nake yi."

"Bijimai nawa ka hora?"

"Ba su taka kara sun karya ba, ranka ya daɗe."

Maigidan ya ce, "To, ni gwani nake nema. Ka gai da gida."

Sila ya dawo yana huci. Ya ce wa matarsa, "Mutumin nan bai san mutunci ba. So yake in tsaya gabansa in buga ƙirji in ce ni ne wane?"

Afiniki tana tsince wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Baban Rahila, ya tambaye ka, ka ce ba ka iya ba, ya yarda da kai. Laifinsa ke nan, da ya ɗauke ka mai gaskiya?"

Maganar ta soke shi. Ya fita ya zaga bayan gida inda turakun shanunsa suke tsaye babu kome a jikinsu, ya daɗe a wurin. Shi da yake ganin tawali'u ya yi, ashe ƙarya ya shara wa baƙo, ya kuma sa mata rigar ladabi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ba a daɗe ba sai labari ya zo cewa maigidan bai sami wanda ya kwanta masa a rai ba, zai sake zama ya gana da masu nema kafin ruwan fari. Sila ya ce wa Afiniki, "Zan koma. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karon sai na shirya."

Ya fara da durƙusawa. Ya ce, "Ya Ubangiji, kai ka ba ni hannu, ka kuma ba ni baki. Na yi aiki da ɗaya na binne ɗaya. Ka taimake ni in tono shi."

Sa'an nan ya haye kogi, ba don ya ga maigidan ba, sai don ya ga aikin. Ya bi gonakin da ƙafa. Ya ga jigawa mai yashi wadda garma za ta ratsa ba wuya, ya ga fadama mai laka wadda sai bijimai masu ƙarfi. Ya tsaya a bakin shinge ya ƙare wa shanun kallo. Akwai jajaye biyu, matasa, masu sanyin hali. Akwai kuma wani baƙi, ƙato, mai tozo kamar tulu. Sila ya ɗaga hannu don ya kori ƙuda, sai baƙin ya zabura ya ja da baya har igiyarsa ta miƙe. Da ya duba da kyau sai ya ga gyambo a wuyansa, daidai inda karkiya take zama. Daga nan ya komo gida.

Saura baki, shi ne kuwa babban aiki. Da rana ta yi tsaka aka dawo daga sharar gona, Afiniki takan kifa turmi a gindin bishiya ta hau ta zauna, ta murtuke fuska ta zama maigida.

"Kai ne mai horon shanu?"

"I to, wato..."

"Ka gai da gida," in ji ta. "Na gaba ya shigo."

"Haba Afiniki, ai ban gama ba."

"Shi ma ba zai jira ka gama ba. Sake shigowa."

Ya sake shigowa, ya sake sarƙewa. Mutumin da yake tsayawa gaban bijimi mai ƙaho ko gezau, ga shi gumi yana karyo masa a gaban matarsa da turmi. Ya ce, "Ba zan iya yabon kaina ba. Bakina ba ya ɗauka."

Ta ce, "Wa ya ce ka yabi kanka? In ka tashi ba da shaida a coci, yabon kanka kake yi? Abin da ya faru kake faɗa. Farin bijimin Baba Linus wa ya hore shi?"

"Ni ne."

"Na gidan Dogara fa, waɗanda suka karya garma kafin a kawo maka su?"

"Ni ne."

"To, faɗi haka. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ka kuma daina kallon ƙasa, ba ita za ta ɗauke ka aiki ba."

Haka suka yi ta yi kullum. Harshen Sila ya zama masa kamar ɗanyen bijimi, yana ja baya, yana kaucewa, yana neman tsohuwar hanya. Shi kuwa ya bi shi da haƙurin da yake bin shanu da shi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya iya duban idon mutum ya ce, "Na iya wannan," ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Afiniki ta kuma sa ya koyi ɗaya maganar, wato, "Wannan ban iya ba." Ta ce duk wanda ya iya faɗin ɗaya kaɗai, rabin baki gare shi.

Ana cikin haka Kawu Gayus ya dawo daga tafiya, ya ji abin da ake ciki. Ya zo yana dogara sanda, ransa a ɓace.

"Sila, ina raye za ka je neman abu da bakinka kamar maraya? Shi ya sa aka koro ka. Wannan karon tare za mu."

"Kawu, mutumin nan so yake kowa ya yi magana da kansa."

"Shi ya san al'adarsu, mu ma mun san tamu. Kai dai ka zauna ka yi shiru."

Sila ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Wa zai ce wa kawu ya zauna a gida? Ranar ganawa ta zo, Sila ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, suka kama hanya, tsoho a gaba shi a baya.

Maigidan ya karɓe su a inuwa kusa da turken shanu. Da ya ga furfurar Kawu Gayus sai ya sa aka shimfiɗa masa tabarma. Ya dubi Sila ya ce, "Kamar na taɓa ganinka."

Kafin Sila ya buɗe baki, Kawu ya karɓe. "Ranka ya daɗe, wannan da kake gani, daga nan har bakin dutse babu kamarsa. Shanu suna jin maganarsa kamar 'ya'yan cikinsa. Ni na koya masa, ya kuwa shige ni."

Maigidan ya saurara har tsoho ya numfasa. Sa'an nan ya nuna baƙin bijimin ya ce, "Wancan shi ne na fi ji da shi. Ina so da ruwan fari ya shiga fadama da garma. Zai yiwu?"

Kawu Gayus ya yi dariya. "Wannan? Ko ɓauna ka kamo daga jeji, Sila zai sa mata karkiya. Ka ɗauka an gama."

"Haka ne?" in ji maigidan, idonsa a kan Sila.

Sila ya ji kansa yana sunkuyawa da kansa, hannunsa har ya soma laluben tsinke a ƙasa. In ya yi shiru, aiki ya samu, ba zai tafi kudu ba. Amma ya san bijimin nan ba zai ja garma bana ba sai da bulala, ko da bulalar ma ba zai kai tsakiyar damina ba. In kuwa ya yi magana, ya ƙaryata kawunsa a gaban baƙo, wataƙila kuma aikin ya kuɓuce masa. Ya ji tsoro ƙwarai. Duk da haka ya tashi, ya je gaban tsohon ya durƙusa.

"Kawu, duk abin da na sani a hannunka na samu. Ka yi mini izini in yi magana."

Tsohon ya zuba masa ido. Sila ya juya ya dubi maigidan.

"Ranka ya daɗe, ni ne na zo kwanaki na ce maka ɗan taɓawa nake yi. Ba haka ba ne, na iya horon shanu. Ni na hori farin bijimin Baba Linus, ni na hori na gidan Dogara bayan sun karya garma, suna nan a hayinmu, a aika a tambaya. Jajayen nan biyu, in ka ba ni su yanzu, da yardar Allah za su yi huɗa da ruwan fari. Za mu fara da jigawa, in wuyansu ya yi ƙwari mu gangara fadama. Baƙin kuwa ba zan iya ba bana. An doke shi har yana tsoron hannun mutum, ga kuma gyambo a wuyansa. Sai ya warke, ya manta da sanda, baɗi a gwada shi. In wanda zai sa masa karkiya bana ake nema, ba ni ba ne."

Fuskar maigidan ba ta nuna daɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "Duk waɗanda suka riga ka zuwa sun ce za su iya."

Sila ya ji kamar an riga an ɗaura masa kayan tafiya. Amma bai janye ba. Ya ce, "Ni dai abin da na sani ke nan, ranka ya daɗe."

Maigidan ya tashi ya je wurin baƙin bijimin, ya tsaya yana duban wuyansa. Da ya dawo sai ya ce, "Ɗaya daga cikin masu cewa za su iya, shi ya yi masa wannan. Ranar da ka fara zuwa ka rage mini gaskiya, yau dattijo ya ƙara mini a kanta. Ni baƙo ne, ban san yadda kuke aunawa ba. Abin da nake so shi ne mutumin da in ya ce i, in je in yi barci, in ya ce a'a, in nemi wata dabara. Je ka kwance jajayen. Baƙin ma na bar shi a hannunka har baɗi."

A hanyar komawa Kawu Gayus yana gaba har suka haye kogi. Sila yana biye, yana jiran faɗa. Da suka hau tudu sai tsohon ya tsaya ya dogara da sandarsa.

"Gyambon nan, ni ma na gan shi."

"To, Kawu, me ya sa ka ce zan iya?"

"Aikin kawu ke nan," in ji tsohon. Ya yi gaba kaɗan, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Amma da ka yi shiru, da mun kashe dabbar mutane."

Afiniki tana bakin ƙofa da Rahila a hannu sa'ad da suka iso. Fuskarsa kawai take duba. Sila ya ce, "Ba zan tafi ba." Ta sa gefen zane ta rufe fuskarta, ta yi kuka.

To, ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Hannun Sila shi ne baiwar da Allah ya danƙa wa kowane ɗayanmu, wani ɗinki, wani koyarwa, wani jinya, wani tuƙi. Baiwar nan ba taka ba ce, ajiya ce. Saboda haka in aka tambaye ka ka ce ba ka da ita, ba kanka ka ƙasƙantar ba, Mai bayarwa ka musa. Tawali'u abu ne mai kyau, kada wani ya fita daga nan ya ce malami ya hana kunya. Amma tawali'u ba ya ƙarya. Mai tawali'u na gaske yakan ce, "Na iya, Allah ne ya ba ni," yakan kuma ce, "Ban iya ba, zan koya," duka da murya ɗaya.

Ku matasa, da yawa a cikinku kuna neman aiki, wasunku ma an kira ku intabiyu. Na san abin da kuke yi. Kuna yawo gida gida kuna neman babban mutumin da zai yi muku magana, ku kuwa ba ku ko san abin da ake yi a wurin da kuke nema ba. Addu'a wajibi ce, da ita Sila ya fara, amma da ya ce amin sai ya tashi ya haye kogi. Ku je ku san aikin, ku san inda yake da yashi da inda yake da laka. Ku sami wanda ba zai ji nauyinku ba, ya zauna ya yi muku tambayoyi har ku yi gumi a gida, don kada ku yi shi a gaban baƙi. Ku tuna ayyukan da kuka taɓa yi, da mutanen da za su shaide ku. In kuma aka nuna muku abin da ya fi ƙarfinku, ku faɗa, ko da kuna ganin aikin zai tafi.

Ba na yi muku alkawari cewa kowane maigida zai yi kamar na misalin nan. Wani zai ji gaskiyarka ya ce ka gai da gida, ya ɗauki mai zaƙin baki. In haka ta faru, ka koma gida da mutuncinka, ka sake shiri, ka sake fita. Aikin da aka samu da ƙarya, kullum da bulala ake riƙe shi, kuma akwai wanda wuyansa zai yi gyambo.

Ku iyaye da kawunnai, Allah ya sāka muku, kun yi mana baki tun ba mu iya magana ba. Amma in yaro ya durƙusa ya nemi izini ya faɗi gaskiya, ku bar shi, tarbiyyarku ce take magana.

Akwai kuma ranar da kowa zai tsaya a gaban Maigida na sama, a tambaye shi abin da ya yi da ajiyar da aka ba shi. A wurin nan babu ragi, babu ƙarin gishiri, gama Mai tambaya ya riga ya san amsa. Wanda bai saba faɗin gaskiya a kan kansa a nan ba, da wane baki zai faɗe ta a can? Saboda haka ku fara koyo tun yau. In an tambaye ka, "Ka iya?" ka yar da tsinken, ka ɗaga kai, ka amsa.